Daga Tattakewa Zuwa Ƙazanta: Tarihin Kalmar *Defile* da Wanda Take Ɗora Wa Tabo

A Turancin yau, idan aka ce *defile* ana nufin ɓata abu mai tsarki: a ƙazantar da wurin ibada, a gurɓata ruwan sha, a tozarta kabari, ko a keta haddin ƙaramar yarinya. Kalma ce mai nauyi, ba a cika jin ta a hirar kasuwa ko ta majalisar shayi ba. Ta fi zama a littafin addini, da bakin mai wa'azi, da takardar tuhuma a kotu. Mafi yawan masu amfani da ita sun ɗauka tun fil azal ƙazanta take nufi. A asalinta kuwa babu datti a cikinta ko kaɗan. Abin da ke cikinta ƙafa ce, ƙafar mai ƙarfi a kan wanda aka kayar. Yadda ta tashi daga bayyana aikin azzalumi ta koma bayyana halin da ake cewa wanda aka zalunta ya shiga, shi ne lamarin da ya kamata a bi diddiginsa, domin har yau ana yanke wa mutane hukunci da ita a Legas da Akara da Nairobi.

Masu taka ulu a Rum

Tushen farko yana cikin Latin, harshen Rumawa. Suna da wata sana'a da ake kiran mai yin ta *fullo*. Idan masaƙi ya sauke zanen ulu, yakan fito sako-sako, ga maiƙon tunkiya a jikinsa. Sai a kai wa wannan ma'aikaci. Zai zuba zanen a cikin kwami da ruwa da wata irin ƙasar yumɓu mai tsotse maiƙo, a haɗa da fitsarin da ya kwana, sannan ya shiga da ƙafafunsa ya yi ta takawa har zaren ya kama juna, zanen ya yi kauri ya fita tas. A garin Pompeii, wanda aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, an tono irin waɗannan ma'aikatu da kwamamensu a jere, har da wadda aka fi sani da ta Stephanus. Wanda ya taɓa tsayawa wajen mabuga a kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga dangin wannan aiki: ana dukan tufa ne don ta yi kyau. Bambancin kawai, su da ƙafa suke yi, namu da taɓarya a kan gungume.

Daga sunan wannan ma'aikaci aka sami aikatau *fullare* a Latin na baya-baya, shi kuma ya zama *fouler* a tsohon Faransanci, wato takawa. Har gobe Faransawa na kiran cincirindon jama'a *foule*, wurin da ake taka juna. Turawan Ingila masu sunan iyali Fuller da Walker da Tucker duk jikokin masu wannan sana'a ne, sunan ne ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Da Faransawa suka ɗora ɗafa-goshin *de* a gaba, suka sami *defouler*: a tattake, a murƙushe, a ci zarafi, a yi wa mutum fin ƙarfi. A nan an bar maganar zane, an koma kan mutum. Amma a lura, kalmar tana kallon mai takawa ne. Wanda aka tattake ya ji ciwo, an wulaƙanta shi, amma babu abin da ke cewa ya zama ƙazami.

Haɗuwar baƙuwa da 'yar gida

A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu na kusan shekaru 300. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara a kotu da Turanci. A tsawon wannan lokaci dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin bakin talakan Ingila, *defouler* na cikinsu. Zuwa ƙarshen ƙarni na 13 an fara ganinta a rubuce da siffar *defoulen*, ana nufin dawakai su tattake mutum a fagen fama, ko mai iko ya danne na ƙasa da shi.

Matsalar ita ce ta tarar da wata kalma 'yar gida mai kama da ita a kunne. Tsohon Turanci, tun kafin zuwan Normandawa, yana da *ful* mai dogon wasali, wato ruɓaɓɓe, mai ɗoyi. Ita ce ta zama *foul* ta yau. Tushenta ɗaya da kalmar Latin ta mugunya, da *faul* ta Jamusanci mai nufin ruɓaɓɓe ko malalaci. Daga gare ta aka fitar da aikatau *fylan*, ƙazantarwa, da *befylan*, da kuma suna *fylth* wanda ya zama *filth*, ƙazanta. Sauyin wasalin da ke tsakanin *foul* da *file* tsohuwar ƙa'ida ce a harshen, irin wadda ta raba *mouse* da *mice*.

To, manomin Ingila bai san Latin ba, bai taɓa jin labarin *fullo* ba. Da ya ji *defoul*, abin da kunnensa ya kama shi ne *foul*. Ya ɗauka kalmarsa ce aka yi wa kwalliya. Tunda kuma a bakinsa *befoul* da *befile* suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai ya ƙera wa *defoul* tata 'yar'uwar, ya ce *defile*. Wajen shekarar 1400 sabuwar siffar ta bayyana a rubuce. Na wani lokaci siffofi uku suka zauna tare, *defoul* da *defoil* da *defile*, daga baya biyun farko suka mutu. Wadda ta rayu ta ɗauki kai daga Faransanci, gangar jiki daga tsohon Turanci, ma'ana kuma ta karkata gaba ɗaya zuwa ɓangaren ƙazanta. Tsohuwar ma'anar takawa ba ta ɓace daga Turanci ba, ta dai koma wani gida: aikatau *foil*, daƙile shirin wani, daga *fouler* ɗin nan ya fito.

Ana iya ganin sauyin da ido idan aka jera fassarorin Littafi Mai Tsarki. A Matiyu 15:11, inda ake cewa ba abin da ke shiga bakin mutum ne ke ƙazantar da shi ba, fassarar mabiya John Wycliffe ta ƙarshen ƙarni na 14 ta rubuta *defoulith*. William Tyndale a 1526 ya rubuta *defyleth*. Zuwa 1611, da fassarar Sarki James ta fito, *defile* ta riga ta zama kalmar da ake amfani da ita ga duk abin da ya karya tsarki: taɓa gawa, cin haramtaccen nama, shigar da gunki haikali. Tsohuwar *file* ita ma ba ta gama mutuwa ba a lokacin, domin marubucin wasan kwaikwayo Shakespeare ya sa ta a bakin Macbeth, tauraron wani wasansa, inda yake kukan ya ƙazantar da zuciyarsa saboda zuriyar wani. Masu karatu da yawa a yau suna zaton *defile* aka gutsure, alhali ita ce babba.

Wurin da ya fi kama hankalina a fassarar 1611 shi ne Farawa sura 34, labarin Dinatu 'yar Yakubu, wadda wani mai suna Shekem ya ɗauke ya kwana da ita. A Ibrananci kalmomi biyu ne daban. Ta aya 2 tana nufin ƙasƙantarwa, azabtarwa, danniya. Ta aya 5 tana nufin mayar da abu marar tsarki. Masu fassarar suka sa *defiled* a duka wuraren biyu, sai suka ƙara ɗan bayani a gefen shafi cewa a aya 2 Ibrananci ƙasƙantar da ita ya ce. Wato inda asali ya raba zalunci da ƙazanta, Turanci ya haɗe su a kalma ɗaya, ya tura zaluncin gefen shafi. Wannan fassara ita ce aka yi ta karanta wa Ingila a coci kowace Lahadi na ƙarnoni, kuma daga nan lauyoyi suka ɗauki kalmar da nauyinta.

Kafin a wuce, akwai wata *defile* da ba ta da dangantaka da wannan ko ta nesa. Ita ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 17 daga *défilé* na Faransanci, tushenta *filum* na Latin, zare. Tana nufin matsatsiyar hanya tsakanin duwatsu inda dole sojoji su bi ɗaya bayan ɗaya kamar an zura su a zare. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san ta sarai, ita ce faretin da ake yi ranar 18 ga Disamba. Fayil ɗin ofis ma daga wannan zaren ya samo suna. Rubutu ne kawai ya haɗa kalmomin biyu.

Daga mumbari zuwa kundin doka

A dokokin Ingila na ƙarni na 19 kalmar ta sami kujera ta dindindin. Dokar laifuffukan da suka shafi jikin mutum ta 1861 ta riga ta yi amfani da *defilement*, kuma a lokacin shekarun da doka ta yarda yarinya ta isa ba da amincewarta 12 ne kacal. A 1875 aka ɗaga zuwa 13. Masu fafutuka irin su Josephine Butler suka yi ta neman a ƙara, majalisa tana jan ƙafa.

Abin da ya tayar da ƙasar shi ne aikin wani ɗan jarida, W. T. Stead, editan jaridar *Pall Mall Gazette*. Don ya nuna cewa ana cinikin ƙananan yara a Landan, sai ya shirya aka karɓo wata yarinya 'yar shekara 13, Eliza Armstrong, daga hannun mahaifiyarta a kan fam 5, aka kai ta gidan karuwai, sannan aka fitar da ita ba tare da wani ya sadu da ita ba, aka damƙa ta ga ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Salvation Army. Ya fara buga rahoton ranar 6 ga Yuli 1885. Ingila ta ɗauki zafi, kuma ranar 14 ga Agusta sabuwar doka ta fara aiki. Ta ɗaga shekarun zuwa 16. Sashe na 4 ya yi magana a kan *defilement* na yarinya 'yar ƙasa da 13, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Sashe na 5 ya shafi 'yan 13 zuwa 16, da hukunci mafi sauƙi, da sharaɗin a shigar da ƙara cikin wata 3. Shi kansa Stead an ɗaure shi wata 3, kuma abin da ya kayar da shi a kotu shi ne bai nemi izinin mahaifin yarinyar ba. Wannan hujja tana nuna yadda doka ke kallon lamarin a lokacin: wanda aka yi wa laifi uba ne da aka ɗauke masa 'ya ba da saninsa ba.

Dokar 1885 ta kare yara da yawa, babu mai musun wannan. Amma ta ɗauki harshen zamaninta, zamanin da darajar yarinya a idon jama'a take rataye da budurcinta. A wannan tunani, laifin mai laifi shi ne ya ɓata kaya mai daraja. Kalmar da ta dace da wannan tunani kuwa ita ce *defile* a sabuwar ma'anarta.

Daga Ingila ta bi jirgin mulkin mallaka. Sir Samuel Griffith, babban jojin Queensland a Ostiraliya, ya tsara kundin laifuffuka na 1899. Wannan kundi aka kwaikwaya aka yi wa Arewacin Najeriya nasa a 1904, zamanin Lugard, babban joji H. C. Gollan ne ya tsara. Bayan haɗewar 1914, a 1916 aka shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya. Arewa ta fita daga ƙarƙashinsa a 1960, lokacin da ta koma kan nata kundin na Final Kod, wanda aka ɗauko daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Kundin Arewa bai ware wani laifi mai wannan suna ba. Sashe na 282 ya sa saduwa da yarinya 'yar ƙasa da 14, da yardarta ko babu, a ƙarƙashin fyaɗe kai tsaye. Kudu ta ci gaba da tsohon kundi, inda sashe na 218 har yau kansa yake ɗauke da *defilement* na 'yan mata 'yan ƙasa da 13, hukuncinsa ɗaurin rai da rai.

Inda aka ajiye wannan sashe a cikin kundin ya isa hujja. Fyaɗe yana sashe na 357 da 358, a babin da ya shafi kai wa mata hari. Sashe na 218 kuwa yana babi na 21, na laifuffukan da suka saɓa wa ɗa'a, tare da buɗe gidan karuwai da aikata baɗala a bainar jama'a. Babbar mace idan aka yi mata, hari ne a kan jikinta. Yarinya 'yar shekara 8 idan aka yi mata, kundin ya lissafa shi cikin abubuwan da ke ɓata tarbiyyar al'umma. Ban ga yadda za a karanta wannan tsari a ce ma'anar kalmar ba ta yi aiki a zukatan waɗanda suka rubuta shi ba.

Wasu ƙasashen da Ingila ta mulka sun gaji kalmar, kowace ta ƙara mata haƙora. A Ghana sashe na 101 na dokar laifuffuka ta 1960 ya shafi duk yaro ɗan ƙasa da 16, hukunci daga shekara 7 zuwa 25. A Kenya dokar 2006 ta raba hukunci bisa shekaru: ɗaurin rai da rai idan yaron bai wuce 11 ba, aƙalla shekara 20 ga 'yan 12 zuwa 15, aƙalla 15 ga 'yan 16 zuwa 18. Jihar Legas a dokarta ta 2011 ta riƙe sunan a sashe na 137, da ɗaurin rai da rai. Ita kuwa Ingila, wadda ta haifi kalmar, dokarta ta 2003 ba haka ta kira laifin ba. Sashe na 5 ya ce fyaɗe ga yaro ɗan ƙasa da 13, mace ko namiji.

Hujjar masu riƙe ta, da inda ta tsaya

Lauyoyin da ke son a bar kalmar suna da dalili mai ƙarfi. A shari'ar fyaɗe ta manya, gardamar takan koma kan ko matar ta yarda. A shari'ar yaro ba a buɗe wannan ƙofa sam, domin doka ta ce yaro ba shi da yardar da zai bayar. Suna ganin sunan daban yana tsare wannan bambanci, yana hana lauyan wanda ake tuhuma tsare yarinya da tambayar ko ta so. Wannan gaskiya ne, kuma kariya ce da bai kamata a yi wasa da ita ba. Sai dai dokar Ingila ta 2003 da sashe na 282 na Arewa duk sun nuna ana iya rufe ƙofar yarda ba tare da wannan suna ba. Ya isa doka ta ce shekarun yaron kaɗai sun tabbatar da laifi.

Abin da kalmar ke ƙarawa, wanda doka ba ta buƙata, shi ne tabo. Idan aka ce an tattake yarinya, tambayar da ke biyo baya ita ce wa ya tattake ta. Idan aka ce an ƙazantar da ita, hankali yana komawa kanta: yanzu me ta zama, wa zai aure ta, yaya za a yi da sunan gida. Mai laifin yana iya fita daga cikin jimlar gaba ɗaya, ita kuma ta zauna da siffar har tsufanta.

Mu ma a Hausa ba mu tsira ba, shi ya sa lamarin ya shafe mu ko da kalmar ba tamu ba ce. Muna cewa an lalata yarinya, an ɓata ta, an ɓata mata rayuwa, kamar ana maganar tuwon da ya kwana ya yi tsami. Sau da yawa idan 'yan jarida na mayar da rahoton kotu daga Turanci, waɗannan kalmomin suke kamawa, domin su ne suka yi daidai da *defile*. Alhali muna da fyaɗe, kalmar da duk wanda ya ji ta ya ji fyaɗawa da ƙasa, ya ga hannun da ya yi. Ga Musulmi ma maganar ta fi sauƙi. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce mumini ba ya zama najasa. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta babu haddi a kanta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya tilasta ta ne ake ɗora wa biyan sadakin irinta bayan hukuncin da ya hau kansa. Kunyar da muke ɗora wa yarinya daga al'ada ta fito.

Kunyar nan kuma tana da farashi a gaban alƙali. Sashe na 218, kamar yadda yake a kundin tarayya, ya gindaya sharuɗɗa biyu: dole a fara shari'a cikin wata 2 da aikata laifin, kuma ba a kama mutum da laifi bisa shaidar mutum ɗaya tilo sai an sami abin da ya ƙarfafa ta. Yanzu a duba abin da ke faruwa a gida. Yarinya takan ɗauki makonni kafin ta iya faɗa, musamman idan mai laifin maƙwabci ne ko ɗan'uwa. Idan ta faɗa, uwa ta ce a rufa asiri. Kawu ya ce a bari manya su zauna. Dangin mai laifi su zo da ban haƙuri da alkawarin kuɗin magani. Kowa yana lissafin abin da unguwa za ta ce game da yarinyar, domin kowa ya yarda ita ce ta ɓaci. Ba a je asibiti da wuri ba, shaidar likita ta tafi. Ranar da uban ya yanke shawarar zuwa wurin 'yan sanda, wata 2 sun wuce, ƙofar sashe na 218 ta rufe. Abin da ya rage wa lauyan gwamnati shi ne ya nemi wata doka, kamar sashe na 31 na dokar kare haƙƙin yara ta 2003 a jihohin da suka karɓe ta, wadda ta kira saduwa da duk yaro ɗan ƙasa da 18 fyaɗe, ta kuma yanke masa ɗaurin rai da rai.